Jikar Mai Ƙuli-ƙuli

Cokali ɗaya ne, ban ma cika shi ba.
Kunun gyaɗa da tsamiya, na hura shi da bakina,
ranar Lahadi a Sheffield, ana yayyafin nan nasu
da ba ya sauka sosai, ba ya ɗaukewa.
Nuwaira wata bakwai, haƙora biyu a ƙasa.
Ta lasa, ta yamutsa fuska, ta sake buɗe baki.
Na yi dariya, na ce jinin Bichi ne.

Kafin in ɗauraye cokalin
leɓenta ya tasa kamar fanke a mai,
borin jini ya bi wuya, ya bi bayan kunne,
idon hagu ya rufe.
Kukan da na sani ya ɓace,
sai wani siririn fito daga ƙirji
kamar butar shayi a ɗakin maƙwabta.

Mudassir ya danna tara sau uku.
Turancin da na ci jarrabawa da shi ya gudu ya bar ni,
innalillahi kaɗai ta rage a bakina.
Da masu koren kaya suka hawo bene
suka soka allura a cinyar da nake shafa wa man kaɗanya,
ta tsala ihu.
Ban taɓa jin abu mai daɗin ihun nan ba.

Likita ta zana mini a takarda:
ko ɓurɓushi, ko a hannun mai ɗaukarta.
Na gyaɗa kai. Ina zan fara gaya mata
cewa gyaɗa ce ta raine ni?
Kaskon Inna Ladingo ne ya biya kuɗin makarantata,
tunkuza ta saya mini takalmin farko,
kakana ya ɗauki buhu a ka har saman dala.
Yau abin da ya ɗaga gidanmu
shi ya shaƙe mini 'ya.

Da daddare na kwashe kabad.
Yajin tsire, man da ke cikin gora,
ƙuli-ƙulin da Inna ta murza da hannunta
ya ƙetare teku a ƙasan akwatin wani.
Na tsaya bakin shara da shi, na kasa.
Na kai wa Maman Kwabena ta hawa na biyu,
na dawo na wanke hannu har gwiwa.

Yanzu jakata ba ta rabo da allura biyu masu kama da biro.
Na koyi suka a jikin lemo,
na sossoki lemo har Mudassir ya ce ya isa.
A kanti ina karanta ƙananan rubutun bayan kwali
kamar mai neman sunanta a sakamakon jarrabawa.
A taron suna kuwa na zama kaza mai 'yan tsaki:
kowace hannu da ta miƙo da ɗan abin lasawa
sai na tare, ina murmushi, ina ba da haƙuri.
Wasu sun ce na zama Baturiya. Su ce.

Inna ta ce a waya, mu ba mu san wannan ba,
ki dinga ba ta kaɗan-kaɗan, za ta saba.
Ban yi musu ba. Na tura mata hoton daren asibiti.
Kwana biyu shiru.

Ran na uku ƙanina ya kira, fuskarsa cike da waya,
ya ce dakata, Inna na zuwa.
Ina jin ƙarar buta, ina jin sabulu.
Ta bar kasko a wuta tana wanke hannu,
sau uku, har tsakanin yatsu,
kafin ta taɓa gilashin
da fuskar jikarta ke ciki.